Itacen Wollemi da laikin na Erioderma: wanne ya fi kusa da ɓacewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin gandun daji. An ba mu aiki mu kwatanta itacen Wollemi na Ostareliya da wani laikin, irin tabon nan da ke manne a jikin ɓawon itatuwa, mai suna Erioderma pedicellatum. Na karanta cewa itacen bai kai ɗari ba a daji, shi kuwa laikin ɗin da dubbai ake ƙirga shi, amma duka biyun an sa su a mataki ɗaya na haɗari. Ta yaya dubbai za su yi daidai da abin da bai kai ɗari ba? Kuma da za a ce a ceci ɗaya, wanne ya fi wuyar ceto?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko: shin ƙarancin adadi shi ne haɗari? Ta biyu kuma: me ya sa wata halittar ake iya ɗaukarta a yayata a duniya, wata kuwa sai dai a tsare mata mazauninta ko a rasa ta? Kafin mu kai ga amsa, sai mun san su biyun da kyau, domin sirrin yana cikin yadda kowanne yake haihuwa.

Itacen da aka zaci ya ƙare tun tuni

A watan Satumba na 1994 wani ma'aikacin gandun daji mai suna David Noble ya sauka da igiya cikin wani kwazazzabo mai zurfi a gandun Wollemi, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da birnin Sidni. Ya tarar da wasu dogayen itatuwa da bai taɓa ganin irinsu ba, ya tsinko reshe ya kai wa masana. A 1995 aka raɗa masa suna Wollemia nobilis. Kafin wannan rana, abin da aka sani mai kama da shi burbushi ne kawai a jikin duwatsu, ciki har da ƙurar furen da ta kai kimanin shekara miliyan 90.

Yana cikin itatuwa masu zuba iri a kwanso maimakon fure da 'ya'ya. Ana kiransa fayin a baka, amma ba fayin na ainihi ba ne irin wanda aka shuka a Afaka kusa da Kaduna ko a tsaunin Jos. Danginsa na kusa su ne Araucaria da Agathis. Yana kai mita 40 a tsayi. Ɓawonsa ƙuraje-ƙuraje ne, ruwan ƙasa mai duhu, kamar kumfar da ta daskare. Ganyensa falle ne, tsawon santimita 3 zuwa 8, kuma ba ya zubar da ganye ɗai-ɗai, reshe ɗungurungum yake yarwa idan ya tsufa. Itace ɗaya yana ɗauke da kwanson namiji da na mace, kowanne a ƙarshen reshe, matan a sama, mazan a ƙasa da su. Kwanson mace yana ɗaukar wata 18 zuwa 20 kafin ya nuna.

Halin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne toho. Itacen yana fitar da sababbin sanduna daga gindinsa ba tare da an sare shi ba, har ka ga gindi ɗaya da sanduna da yawa masu shekaru daban-daban. Sanda ta tsufa ta faɗi, wata ta maye gurbinta, saiwar tana nan. Manoman Maraɗi da suke barin tohon kututture a gona suna gyara shi har ya zama itace sun san wannan hali sarai. Da haka waɗannan 'yan itatuwa suka jure shekaru masu yawa a kwazazzabon. Amma abin da ya raya su ya bar musu rauni: da aka bincika ƙwayoyin gadonsu, bambancin da ke tsakanin wani da wani ɗan kaɗan ne ƙwarai. Cutar da ta iya da ɗaya, kusan ta iya da duka.

Halittar da ba ɗaya ba ce

Laikin kuwa ka sha ganinsa ko da ba ka san sunansa ba: tabon nan fari-fari, ko ruwan toka, ko ruwan ɗorawa, da ke manne a jikin duwatsu da ɓawon tsofaffin itatuwa. Mutane sukan haɗa shi da gansakuka, amma daban yake. Laikin zaman tare ne tsakanin naman gwari da wata halitta mai iya haɗa abinci daga hasken rana. Naman gwarin ya gina jiki ya riƙe ruwa, abokin zaman ya ciyar da su biyun. Ba shi da saiwa, kuma ba ya tsotsar itacen da yake kai. Ruwansa da gishirinsa daga iska da ruwan sama da raɓa yake sha ta dukkan jikinsa, ba tare da wata fata da za ta tace masa ba. Duk abin da iska ta ɗauko, mai kyau da marar kyau, cikinsa yake shiga.

Erioderma pedicellatum mai kamar ganye ne, faɗin santimita 2 zuwa 5, wani lokaci ya kai 12. Samansa da gashi-gashi mai laushi, gefensa a naɗe zuwa sama har ana hango farin cikinsa. Idan ya bushe ruwan toka ne mai duhu, idan ya jiƙe ya koma shuɗi-shuɗi. Wanda ya balaga yana fitar da 'yan ƙwallaye ja-ja a samansa, nan ne naman gwarin yake haɗa ƙurar irinsa. Abokin zamansa wata irin ƙwayar baktiriya ce da ake kira sayanobaktiriya, wadda bayan haɗa abinci tana kama naitirojin daga iska. Irin wannan laikin ya fi kowane saurin mutuwa da iskar farar wuta da ruwan sama mai asid.

An fara tsinto shi a 1902 a tsibirin Campobello na lardin New Brunswick a Kanada. Yau babu shi a wannan lardi. Babu shi kuma a Suwidin, inda aka kare wurin da yake amma aka share dajin da ke kewaye, ya mutu. A Norwe wuri ɗaya kawai ya saura masa. A Nova Scotia ɗaruruwa ne. Babban taronsa a gefen tekun Atlantika yana tsibirin Newfoundland, musamman yankin Avalon da na Bay d'Espoir, inda aka ƙirga fiye da dubu goma. Daga baya aka same shi a yankin Denali na Alaska, sannan a Kamcatka ta Rasha. A Kanada akasari a jikin itacen Abies balsamea yake, wanda shi ma cikin masu kwanso yake, a dazuzzuka masu sanyi da laima da hazon teku, galibi a gangaren da ke fuskantar arewa kusa da fadama.

Ga inda wuyar take. Laikin da yawa suna yaɗuwa ta hanyar ɓantalo 'yan ƙananan dunƙule masu ɗauke da abokan zaman biyu tare, duk inda suka faɗa sai su ci gaba. Erioderma ba ya yin haka. Ƙurar irin naman gwarin kaɗai yake saki, ita kuma dole ta faɗa daidai inda sayanobaktiriyar da ta dace take, sannan a ƙulla zaman daga farko. Masu bincike sun lura cewa kusan kullum ana samunsa tare da wani ɗan tsiro mai rarrafe a jikin ɓawo, Frullania asagrayana, wanda ke da 'yan aljihunan riƙe ruwa inda sayanobaktiriyar take zama, kuma ana ganin nan ne ake haɗuwar. To ka lissafa abin da ake bukata kafin a sami sabon ɗa ɗaya: uwa mai iri a kusa, itacen da ya kai shekarun da suka dace, ɓawon da asid bai lalata ba, ɗan tsiron nan, baktiriyar, laima marar yankewa, da haske daidai gwargwado. Ɗaya ya kuɓuce, babu haihuwa.

Dalilin da suka haɗu a mataki ɗaya

Ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari, ba da ma'auni ɗaya take aiki ba. Ana iya shiga matakin da ya fi kowanne tsanani kafin ɓacewa ta ƙofofi daban-daban. Wata ƙofar ta adadi ce: balagaggu ƙasa da 50. Wata ta saurin raguwa ce: a rasa kashi 80 cikin ɗari a cikin zuriya uku ko shekara goma, duk wanda ya fi tsawo. Wollemi ta ƙofar adadi ya shiga. Erioderma ta ƙofar raguwa ya shiga a 2003, yana cikin laikin biyu na farko da suka taɓa hawa jerin.

Don haka matakin ɗaya ne, ciwon daban. Wollemi kaɗan ne, amma babu alamar ya yi wata mummunar raguwa a 'yan shekarun nan. Ya daɗe a haka. Erioderma yana da yawa a wasu wurare, amma ya fita daga ƙasa guda da lardi guda cikin ƙarni ɗaya. Ko a cikin Kanada ba a yi masa hukunci ɗaya ba: a 2002 hukumar da ke tantancewa ta sa na Nova Scotia da New Brunswick a matakin masu fuskantar ɓacewa, na Newfoundland kuwa a matakin masu bukatar sa ido.

Akwai kuma tarko a cikin ƙidayar kanta, ka ambace shi a aikinka. Idan an ce laikin dubu, ba a ce itace dubu ba. Itace ɗaya yana iya ɗaukar guda goma ko fiye, kuma ranar da iska ta kayar da shi, ko aka sare shi, duk sun tafi tare. A ɓangaren Wollemi ma, wanda ya ƙirga sanduna zai sami adadin da ya ninka na wanda ya ƙirga gindi. Lambobin biyu ba a ma'auni ɗaya aka auna su ba.

Abin da ke kashe kowanne

Maƙiyan Wollemi biyu ne, kuma kana iya nuna su da yatsa. Na farko cutar ruɓewar saiwa, Phytophthora cinnamomi, wadda aka gano a ɗaya daga cikin 'yan wuraren da yake tsiro a 2005, ana kyautata zaton masu shiga ba da izini ba ne suka kai ta a takalma. Tana zaune cikin ƙasa mai laima, tana tafiya da ruwa, tana cin ƙananan saiwoyi har itace ya kasa shan ruwa ya bushe daga sama. Idan ta shiga wuri, ba a fitar da ita. Maganin fosfait da ake amfani da shi ba kashe ta yake yi ba, ƙarfafa itacen yake ya jure, kuma sai an riƙa maimaitawa. Shi ya sa aka ɓoye wurin, shi ya sa kuma mai izinin shiga sai ya kankare ƙasar takalminsa da kayan aikinsa tas kafin ya fesa sifirit. Fesawa a kan laka aikin banza ne, maganin ba ya ratsa ta.

Na biyu wuta. A gobarar 2019 zuwa 2020, wutar Gospers Mountain ta cinye fiye da hekta 500,000, ta doshi kwazazzabon. Jiragen sama suka zuba sinadarin tare wuta a kewaye, aka saukar da ma'aikata da igiya daga jirgi mai saukar ungulu, suka kafa bututun ban ruwa don jiƙa ƙasa da busassun ganye. Wutar ta ratsa, ta babbake wasu, amma mafi yawan manyan sun tsira. Wannan aiki ya yiwu ne domin itatuwan suna ɗan ƙaramin yanki ɗaya. Ƙanƙantar wurin da ta sa gobara ɗaya za ta iya gamawa da su, ita ce ta sa aka iya kewaye su.

Erioderma ba shi da wurin da za a kafa bututu. Hayaƙin masana'antu da tashoshin wuta yana tasowa daga nesa, ya sauka cikin hazo, ya kashe baktiriyar ya kuma ƙara wa ɓawon tsami. Sare daji yana kashe shi ko da ba a taɓa itacen da yake kai ba: an buɗe gefe, iska da rana sun shigo, laimar ta tafi. Abin da ya faru a Suwidin ke nan, kuma shi ya sa a Nova Scotia aka faɗaɗa shingen hana sara a kewayen itacen da aka same shi, daga mita 100 zuwa ɗaruruwan mitoci. Dodon koɗi marar kwanso, ciki har da wanda aka shigo da shi daga Turai, yana lashe samansa.

Sai wata barazana da ta fi ba ni tsoro, domin ba a ganinta a ƙidayar yau. A 1904 an saki wata babbar dabba dangin barewa, mus, guda huɗu a Newfoundland. Kyarkecin tsibirin ya ƙare a farkon ƙarni na 20, babu mai rage su, yau sun haura dubu ɗari. Suna cin ƙananan Abies tun suna tsiro. Shi kuwa wannan itace ba mai dogon rai ba ne, don haka laikin dole ya riƙa ƙaura daga tsohon itace zuwa matashi a kusa. Idan babu matasa, za ka shiga daji ka ƙirga laikin lafiyayyu birjik a jikin tsofaffi, ka rubuta rahoto mai daɗi, alhali gidan da jikokinsu za su koma an riga an cinye shi.

Wanne ya fi wuyar ceto

Wollemi yana yarda da hannun mutum. Ana yanka reshe a dasa kamar rogo, sai dai da dabara: yankan da aka ɗauko daga tohon da ke miƙe sama shi ne yake ba da itace madaidaici, wanda aka ɗauko daga reshen gefe kuwa sai ya yi ta rarrafe. Yana son ƙasa mai ɗan tsami wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, da inuwa yana ƙarami. Abin da ya fi kashe shi a tukunya yawan ban ruwa ne, domin nan cutar saiwa take samun ƙofa. A 2005 aka yi gwanjon na farko a Sidni, daga 2006 aka fara sayarwa ga kowa. Dabara ce mai kyau: wanda zai iya saye a kasuwa ba shi da dalilin sata a daji. An kuma dasa wasu a ɓoyayyun wurare a matsayin ajiya. Rauninta guda: idan dubban itatuwan lambu daga iyaye kaɗan aka yanko su, ɗan bambancin gadon da ke daji ba a kwashe shi ba. Shi ya sa tarin da ake rubuta asalin kowane itace, daga wane gindi ya fito, ya fi tarin kasuwa daraja nesa ba kusa ba.

Erioderma ba ya shiga tukunya. An gwada ciro balagagge daga itacen da ya faɗi a manna shi a jikin wani, wasu suna rayuwa. Wannan ƙarin kwana ne ga guda ɗaya, ba sabuwar zuriya ba. Aikin da ke da amfani na daji ne, kuma mai cin lokaci. Ana zaɓar wuraren da suka dace ta taswirar laima da gangare da nisa daga teku, a bi itace bayan itace ana duba jikinsa zuwa kimanin mita 2, wato iya inda ido yake kaiwa. An fi ganinsa idan ya jiƙe. A sa wa itacen lamba, a rubuta wurinsa, a auna kowane laikin, a raba masu ƙwallayen iri da waɗanda ba su kai ba, a rubuta yawan jikin da ya mutu ko aka lashe, a dawo shekara mai zuwa. Lambar da ya kamata ka fi kallo ita ce ta ƙanana. Wurin da ke da balagaggu ɗari babu ƙarami ko ɗaya ya fi zama abin damuwa a kan wurin da ke da talatin rabinsu sababbi.

Hukuncina ke nan. Idan ana maganar ɓacewa daga daji a rana ɗaya, Wollemi ya fi kusa, domin gobara mai tsanani ɗaya za ta isa. Idan ana maganar ɓacewa daga doron ƙasa gaba ɗaya, Wollemi ya yi nisa da ita, yana lambuna a nahiyoyi da dama. Erioderma ne ba shi da madogara a wajen dajinsa. Gano shi a Alaska da Kamcatka ya rage fargabar ƙarewarsa kwata-kwata, amma bai mayar da na Suwidin ba, bai kuma taimaki na Nova Scotia da komai ba. Shi ya fi wuyar ceto, domin cetonsa yana nufin hana sara a fili mai faɗi, rage mus, da tsabtace iskar da ke zuwa daga wata ƙasa, kuma kowanne a hannun hukuma daban yake.

Kwatancin yana da iyaka, kada ka ja shi ya wuce inda ya tsaya. An san kowane gindin Wollemi a wuraren da aka gano, don haka adadinsa ƙidaya ce. Adadin Erioderma a manyan dazuzzuka kiyasi ne da aka gina a kan wuraren da ƙafa ta taka da tsayin da ido ya kai, kuma ƙaruwar lamba daga rahoto zuwa rahoto sau da yawa ƙaruwar masu nema ce. Idan ka zo rubuta aikinka, kusa da kowace lamba ka sa shekarar da aka ɗauke ta da abin da aka ƙirga: gindi ne ko sanda, laikin ne ko itacen da yake kai, balagagge ne ko har da ƙanana.